Yadda ake ƙulla yarjejeniyar tallan haɗin gwiwa da kamfanin wata ƙasa

Tallan haɗin gwiwa shi ne kamfanoni biyu su haɗa suna da aljihu su yi talla guda, amma kowa na riƙe da kamfaninsa, kowa na sayar da nasa kayan. A 1991 kamfanin Intel na Amurka ya fito da wani tsari: duk mai ƙera kwamfuta da ya sa ɗan tambarin nan na Intel Inside a jikin kayansa da tallansa, Intel zai mayar masa da wani kaso na kuɗin tallan. Masu ƙera kwamfuta a ƙasashe daban-daban suka samu sauƙin kashe kuɗi, shi kuwa Intel, da kayansa ke ɓoye a cikin na'ura ba mai ganinsu, sunansa ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe cikin kwamfuta ba.

Ba sai kamfani ya kai girman Intel ba. A ce kana da masana'antar yaji da kayan miya a Kano, kana ƙulla su a leda da sunanka a jiki, kana so su shiga Maraɗi da Damagaram. A Maraɗi kuma akwai mai matsar man gyaɗa, yana da motoci, yana da diloli, matan gari sun san jarkarsa. Idan kuka shirya cewa duk wadda ta sayi jarkar mai a watan azumi za a ɗora mata ƙullin yaji, kuka raba kuɗin rediyo da na fosta, to kun yi tallan haɗin gwiwa. Da wannan misalin zan tafi, ko da yake matakan ba sa canzawa ko da mutumin Kumasi ne ko na Garwa ko na Dubai.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Sunanka za ka ba wani aro, a garin da idonka ba ya kaiwa, ƙarƙashin dokar da ba ka saba da ita ba. Kuɗin da za ka zuba kana iya mayar da su a wata kakar, suna kuwa idan ya ɓaci a kasuwa da wuya ya gyaru. Duk abin da zan ce ka tsaya a kansa wajen ciniki, daga nan ya taso.

Mataki na farko: ka san abin da ka je nema

Kafin ka kira kowa, ka zauna da akantanka da mai kula da dilolinka ku rubuta a shafi ɗaya: wane gari, wane kaya, wata nawa, nawa za ka iya kashewa ba tare da masana'anta ta ji jiki ba, kuma me za ka gani ka ce an yi nasara. "Ina so a san mu a Nijar" buri ne kawai. Abin da za a iya aiki da shi shi ne ka ce kana so yajinka ya shiga shaguna 200 a Maraɗi cikin wata uku, kuma rabinsu su sake neman kaya bayan garaɓasa ta wuce. A ƙasan shafin ka rubuta abu biyu ko uku da ba za ka sallama ba ko me aka ba ka, da abin da za ka yi idan ciniki bai faɗa ba, ko wani kamfanin ne, ko ka ɗauki dila ka yi tallanka kai kaɗai. Wanda ya zo ba shi da wata hanya, a fuskarsa ake gani.

Ka kuma shata iyakar hulɗar. Talla tare daban, ba wani izinin sayar da kaya da sunanka daban, kafa kamfani tare daban. A 2018 Nestlé ya biya Starbucks dala biliyan 7.15 don samun damar sayar da kofi mai sunan Starbucks a kantuna, a 2015 kuma Kellogg ya sayi rabin Multipro, kamfanin rarraba kaya na Tolaram a Najeriya, kan dala miliyan 450. Waɗannan sun zarce talla nesa ba kusa ba. Sau da yawa rigima na tasowa ne don ɗaya ya zo da niyyar tallan wata uku, ɗayan kuma a ransa ya riga ya zama wakilin kayan a ƙasar baki ɗaya.

Mataki na biyu: binciken mutum

Wanda ya dace shi ne wanda kayansa ke tafiya tare da naka ba tare da suna gasa ba, masu sayensa kuma su ne kake nema. Ana haɗuwa da irinsu a baje kolin Kano da ƙungiyar KACCIMA ke shiryawa, ko na Kaduna, ko ta cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Nijar, amma sau da yawa dillalin Dawanau ko na Jibiya ya fi kowace takarda sanin wanda ake wa kallon mutunci a Maraɗi. Haka fataken goro suke yi tun zamanin Gwanja: baƙo ba ya ciniki sai ta hannun maigidan da ya san kowa a garin, kuma ya tsaya masa.

Ka nemi takardu ba tare da jin nauyi ba. A Nijar kowane kamfani na da lambar rajistar kasuwanci da ake kira RCCM, da lambar haraji NIF. Shi ma zai nemi takardarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, kuma yana iya duba sunanka a shafin hukumar a intanet. Ka duba wanda takardun kamfanin suka ba ikon sa hannu. A kamfanonin gida ana yawan samun ɗa shi ne mai Faransanci da kwamfuta, shi ke amsa waya, amma magana ta Alhaji ce. Idan ka gama shiri da ɗan ba tare da ka gaisa da uban ba, ba ka gama komai ba.

Sannan ka je da kanka, gani ya kori ji. Ka ga inda ake matsar man, ka ga sito, ka ga yadda ake wanke jarka. Bayan nan ka shiga kasuwa kai kaɗai, ba tare da yaronsa ba, ka tambayi masu shaguna abu uku: yana kawo kaya a kan lokaci, yana karɓar wanda ya lalace, kuma idan ya yi garaɓasa a baya kyautar ta isa hannun mai saye ko a sito ta tsaya. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce tamu, domin yajinka ne zai zama kyautar. Ka tambayi direbobi ma ko yana biyan kuɗin mota ba ja-in-ja.

Mataki na uku: yi wa sunanka rajista a can kafin ka buɗe baki

Nan ne mutanenmu suka fi sakaci, kuma nan ne asarar ta fi ciwo. Rajistar tambari ba ta tsallaka iyaka. Wadda ka yi a Abuja tana kare ka a Najeriya ne kawai. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari mai hedikwata a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Chadi da Benin da Togo. Rajista ɗaya a OAPI ta game dukkansu, tana aiki shekara 10, ana sabuntawa. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, Ghana ma haka. A tsarin OAPI wanda ya riga shigar da takarda shi ke da rinjaye, don haka duk wanda ya ga ledarka ta fara karɓuwa a Maraɗi yana iya zuwa ya yi wa sunan rajista, ka wayi gari kai ne baƙo a sunanka.

Ka shigar da takardar da sunan kamfaninka, ta hannun lauyan da kai ka ɗauka. Idan abokin hulɗar ya ce, "Alhaji, bari in yi maka rajistar a nan, na san mutane," ka gode masa ka ce an riga an fara. Ko da zuciyarsa ɗaya ce, kamfani na daɗewa fiye da mai shi, kuma magada ba su san alƙawarin baki ba.

Manya ma sun ƙone a nan. A 1996 kamfanin Danone na Faransa ya haɗa gwiwa da Wahaha na ƙasar Sin, daga baya Danone ya riƙe kashi 51 cikin ɗari. An yi yarjejeniya cewa sunan Wahaha zai koma hannun kamfanin haɗin gwiwar, amma hukumar rajistar tambari ta Sin ba ta amince da sauyin ba, aka ci gaba da kasuwanci a haka shekara da shekaru. A 2007 rigima ta fito fili, Danone na zargin cewa ana sayar da kaya da sunan ta wasu kamfanoni na daban, aka yi ta shari'a a ƙasashe da dama, a 2009 Danone ya sayar da kasonsa ya fita. Kamfani mai tarin lauyoyi ke nan, ya zuba kuɗi kafin maganar suna ta tabbata a takarda.

A yarjejeniyarku za a rubuta cewa kowa ya ba ɗan'uwansa izinin amfani da tambari ne kawai, don wannan tallan, a wannan yanki, zuwa wannan rana, kuma ba mai ikon miƙa izinin ga wani. Abin da kuka ƙirƙira tare, wato taken tallan da waƙar rediyo da hotuna, shi ma a faɗi na waye bayan an gama. Shawarata ita ce a rubuta cewa ba mai amfani da su shi kaɗai sai da izinin ɗayan a rubuce.

Mataki na huɗu: me doka ta yarda ya tsallaka

Ka raba tambayar gida biyu: kaya da talla. A ɓangaren kaya, duk abincin da aka ƙulla za a sayar a Najeriya yana buƙatar lambar NAFDAC, kuma tataccen man girki ya daɗe a jerin kayan da kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su. Ma'ana, abokinka na Maraɗi ba zai iya cewa a yi masa a Kano daidai abin da ya yi maka a garinsa ba. Gara ku san haka tun farko, ku nemo masa riba ta wata hanya: jarkarsa za ta fi ta abokan gasarsa tafiya a azumi saboda kyautar da ke kanta, kuma rabin kuɗin rediyonsa kai ka biya. Kai ma ka tambayi abin da hukumomin Nijar ke nema kafin yajinka ya shiga, har da rubutun Faransanci a jikin leda, da ranar ƙarewar aiki.

A ɓangaren talla, Najeriya na da hukumar ARCON, wadda doka ta ba ikon tantance talla kafin a sake shi. Tun 1 ga Oktoba 2022 ta hana amfani da fuska ko muryar wanda ba ɗan Najeriya ba a tallan da za a sa a ƙasar. To idan kun naɗi talla a Maraɗi da muryar ɗan can, kada ka ɗauka za ka miƙa wa gidan rediyon Kano haka nan. Ku sa kuɗin naɗi biyu a kasafi. Hakan ma ya fi, domin Hausar Maraɗi ta fi kusa da ta Katsina, kuma mai sauraro na gane muryar gida daga kalmar farko. Garaɓasa mai kyauta ko ƙuri'a a Najeriya tana buƙatar amincewar hukumar kare masu saye, FCCPC. Ni dai ina ba da shawarar a guji ƙuri'a, a tsaya kan kyautar da kowane mai saye zai samu, don jama'armu da yawa na ɗari-ɗari da abin da ya yi kama da caca.

Mataki na biyar: zaman farko

Kada ka je da yarjejeniya a rubuce ranar farko. Ka je da kayanka a ɗanɗana, da shafin nan naka a aljihu, da mutum ɗaya mai rubuta abin da aka faɗa. Bayan gaisuwa da cin abinci, ka fara da tambaya: "Alhaji, a kasuwar nan me ya fi damunka bana?" Wataƙila man da ake shigowa da shi daga waje ne ya karya masa farashi, wataƙila diloli ne ke guje masa. Abin da ya faɗa shi za ka gina tayinka a kai. Mutum ya fi saurin yarda da tsarin da ya ga maganin damuwarsa a ciki.

Kada ka zazzage komai. Farashin da kake ba dila, jerin dilolinka, da sirrin haɗin yajinka ba na zaman farko ba ne. Idan magana ta kai ga buɗe littattafai, ku sa hannu a 'yar takardar riƙe sirri mai shafi ɗaya.

Da Hausa za ku yi magana, wannan ni'ima ce da ɗan kasuwar Jamus da na Japan ba su da ita, amma ku kula da lissafi. A Nijar idan an ce dala ana nufin sefa 5, jika kuma sefa 1,000, alhali a Kano dala kuɗin Amurka ce. Duk adadin da aka ambata a rubuta shi da lambobi, da sunan kuɗin a gefe, kowa ya duba ya gyaɗa kai. Kafin ka kwanta a daren, ka tura masa taƙaitaccen abin da aka tsayar da abin da ya rage, ka roƙe shi ya gyara inda ka yi kuskure. Wannan saƙon shi zai zama ƙashin bayan yarjejeniya.

Mataki na shida: kuɗi

A nan za a daɗe, kuma ya kamata a daɗe. Ku fara da jera abin da kowa zai kawo, a sa wa kowanne farashi. Kai za ka kawo katan-katan na yaji, da kuɗin fito da na kwastan. Shi zai kawo motoci, da ma'aikata, da sito, da sanayyar diloli. Rigimar da aka saba ita ce kowa ya kimanta nasa da farashin kasuwa, na ɗan'uwansa kuma da farashin sari. Ku tsayar da ma'auni ɗaya: komai a lissafa shi a kan abin da ya ci wa mai shi. Yajinka a kan kuɗin haɗawa, motarsa a kan mai da alawus ɗin direba. Ba dole a yi rabi da rabi ba. Idan kai ne baƙo mai neman shiga, ba laifi ka ɗauki kashi 60, amma ka karɓi wani abu a madadinsa, kamar alƙawarin cewa motocinsa za su ci gaba da ɗaukar kayanka wata uku bayan azumi a kan la'adar da aka yanka. Kada ka sauko a wani abu kyauta. "Na yarda da wannan, Alhaji, in kai ma za ka duba mini wancan."

Sai maganar canji. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa, daga kusan 460 a kan dalar Amurka a farkon Yunin 2023, kafin Babban Bankin Najeriya ya sake ta, ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Duk ɗan Kano da ya yi alƙawarin biyan sefa a tsakanin nan ba tare da sharaɗi ba, ya biya ninkin abin da ya lissafa. Hanya mafi sauƙi ita ce kowa ya biya abin da aka kashe a ƙasarsa da kuɗin ƙasarsa, a ƙarshen wata a daidaita bambancin. A rubuta inda za a ɗauko farashin canji da ranar da za a ɗauka, a kuma ƙara cewa idan canji ya motsa fiye da kashi 10 cikin ɗari za a sake zama. Ka kuma sani sefar Nijar daban take da ta Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, amma bankunan da ke buga su daban ne, ba a kashe ɗaya a ƙasar ɗaya.

Kada ka ba da kuɗi dunƙule. A raba gida uku: kafin alƙalami don naɗi da buga fosta, kashi na biyu idan an nuna rasidin gidan rediyo da jadawalin sa talla, na uku bayan an ƙirga sakamako. Manyan kuɗi su bi ta banki ko da ɗan canji ya fi sauri, domin ran da aka yi gardama takardar banki ce shaida. Idan da kamfanin Ghana kake hulɗa, ka tambayi bankinka tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Akara a Janairun 2022, wanda ke ba da damar biya daga naira zuwa sidi ba tare da an bi ta dala ba. Idan kuma akwai kuɗin da za a riƙa tura wa kamfanin waje saboda amfani da tambarinsa a Najeriya, yarjejeniyar na buƙatar rajista a hukumar NOTAP, kuma akwai harajin da ake cirewa kafin a tura. A rubuta wanda zai ɗauki nauyin wannan harajin, kada ya zama abin mamaki ranar biya.

Mataki na bakwai: yadda za a ƙirga, da yadda za a tsare kayan kyauta

A azumi mai da yaji suna tafiya ko da talla ko babu. Idan ba ku tsayar da ma'auni ba, shi zai ce jarkarsa ce ta ja yajin, kai ka ce yajinka ne ya ja jarkar. Ku ɗauki cinikin azumin bara a matsayin tushe, ko ku ware gari ɗaya, a ce Tasawa, inda ba za a yi garaɓasar ba, a gwada da shi. Kowane mako a turo adadin katan da ya fita da sunayen shagunan da suka karɓa, kuma kowane ɓangare na da ikon tura mutum ya duba littafin wannan tallan, shi kaɗai, ban da sauran littattafan kamfani.

Akwai abin da wanda bai san bakin iyaka ba ba zai hango ba. Daga Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa tafiyar ɗan lokaci ce. Yajin da ka bayar kyauta yana iya juyowa a bayan babur, a sayar da shi a Katsina ƙasa da farashin dilanka, ka kashe kasuwarka da hannunka. Maganinsa a masana'anta yake: ledar kyauta ta bambanta da ta sayarwa a launi da girma, a buga mata "kyauta ce, ba ta sayarwa ba" da Hausa da Faransanci, da lambar da za a gane katan ɗin da ta fito. Idan zai yiwu a ɗaure ta a jikin jarka tun daga sito. Rediyo ma ba ta san iyaka ba, mutanen Jibiya za su ji tallan su zo wa dilanka da tambaya, don haka a faɗa a cikin tallan garuruwan da garaɓasar ta shafa.

Lambobin wayar masu saye da za a tara ta WhatsApp ko ta takarda dukiya ce, kuma amana ce. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, wadda ta sa sharuɗɗa kan fitar da su waje, Nijar ma tana da tata dokar da hukumarta. A gaya wa mai saye abin da za a yi da lambarsa, a rubuta wanda zai riƙe jerin, a hana sayar da shi.

Mataki na takwas: keɓewa da amincewa da talla

Zai ce kada ka yi hulɗa da wani a Nijar sai shi. Buƙata ce mai ma'ana, amma a yi mata iyaka uku: nau'in kaya, yanki, da lokaci. Ba za ka haɗa talla da wani mai man girki a jihar Maraɗi ba na wata shida, shi ma ba zai ɗora yajin wani a jarkarsa ba. Damagaram da Yamai suna hannunka. Idan yana son su, ya cika adadin da aka yanka a Maraɗi tukuna.

Kada wani talla ya fita sai ɓangarorin biyu sun gani sun amince a rubuce, cikin kwana uku na aiki. A hana faɗin abin da ba za a iya tabbatarwa ba, musamman cewa kaya na maganin wata cuta, domin mai gabatar da shiri a rediyo yana iya ƙara gishiri don ya burge, hukuma kuma sunan da ke jikin leda za ta nema. Idan za ku ɗauki ɗan fim ko mawaƙi, takardarsa ta faɗi ƙasashen da za a nuna fuskarsa da tsawon lokacin.

Mataki na tara: ranar da abu ya ƙi

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019. A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa har Maris na 2024. A 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Duk wanda zai rubuta yarjejeniya tsakanin Kano da Maraɗi bai sa maganar rufe iyaka ba, bai kalli shekarun nan ba. A rubuta cewa idan hanya ta toshe fiye da kwana 30 an dakatar da alƙawura ba tare da tara ba, a faɗi wanda zai ɗauki asarar kayan da suka maƙale, kuma kayan kyauta su tsallaka gaba ɗaya kafin a saki tallan farko.

A rubuta dalilan da za su sa mutum ya fita nan take: hukuma ta kama kayan ɗaya da algus, an yi amfani da tambari ba bisa izini ba, an ƙi biya bayan gargaɗi. A rubuta kuma yadda za a rabu lafiya ko ba laifin kowa, da sanarwar kwana 30.

Sai inda za a kai ƙara. Nijar na bin dokokin kasuwanci na OHADA da ƙasashe 17 suka haɗu a kai, masu babbar kotu a Abijan, Najeriya kuma tsarinta ya samo asali ne daga na Ingila. Hukuncin kotun Kano ba ya aiki kai tsaye a Maraɗi. Saboda haka a yi matakai: shugabannin biyu su zauna, in ya gagara a kira dattijo ko cibiyar 'yan kasuwa da aka ambaci sunanta tun farko, in ya gagara a je ga masu sasanci da doka ta san da su. Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ana iya zartar da hukuncin masu sasanci na wata ƙasa a ɗayar. A faɗi garin da za a zauna, da harshen zaman, da dokar ƙasar da za a bi.

Mataki na goma: rubutawa da gwaji

Lauyoyi biyu ake buƙata, naka da ya san dokar Najeriya da wanda ya san ta OHADA. Za a rubuta da Turanci da Faransanci, a faɗi wanda zai rinjaya idan fassara ta saɓa, sannan a karanta wa shugabannin biyu da Hausa sakin layi bayan sakin layi kafin a sa hannu a kowane shafi, da hatimi da shaidu. Idan Alhaji ya ce, "Haba, duk wannan takarda tsakaninmu, ba ka yarda da ni ba ne?" amsar tana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, don 'ya'yanmu ne, da ranar da ɗayanmu ba ya nan."

Yarjejeniyar farko ta zama ta gwaji: gari ɗaya, kaya ɗaya, wata uku, kuma kada ta sabunta kanta. Kowane ɓangare ya naɗa mutum ɗaya da za a riƙa kira, su yi waya kowane mako. Shiri ya fara aƙalla wata huɗu kafin azumi, domin rajista da tantance talla da fito duk suna cin lokaci.

Mako biyu bayan sallah ku zauna da lambobi uku a gabanku: katan nawa ya fita, shago nawa ya sake neman yaji da kuɗinsa, da nawa kowa ya kashe. Na tsakiyar shi ne naka, shi zai gaya maka ko kasuwa ta karɓe ka ko kyauta kawai aka karɓa. Idan ya yi kyau, ku ƙara Damagaram, ku sake tattauna kason kuɗi, don yanzu kai ma an san ka. Idan bai yi ba, a daidaita lissafi cikin kwana 30, a ƙirga ragowar leda da fosta a dawo maka da su ko a lalata a gaban wakilinka, a sanar da gidajen rediyo su daina sa tallan, kuma ka karɓi wasiƙa mai hatimi cewa ya daina amfani da sunanka daga wannan rana.